Ƙwan da Sumaiya Ba Ta Sa Ba

Salama gare ku matan wannan zaure. Safara'u ce, tsohuwar nan ta Difa. Inda nake zaune yanzu ba gidana ba ne, dakalin ƙofar gidan wasu ne, kuma rigar da ke jikina ƙarni take yi. Za ku ji dalili in kun bi ni a hankali.

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san riƙon alƙalami ba. Magana nake yi cikin waya, Munira mai zauren nan tana mayar da ita rubutu, kuma na gargaɗe ta, in na yi zagi ta bar shi zagi, kada ta shafa masa turare. Waɗansu suna ce mini in yi haƙuri, Allah yana nan. Na san yana nan, ba shi ya ɓace mini ba. Sunan jikata nake nema, wanda aka ɗauke mata da rana tsaka, a kan tabarmata, da cokalina a hannun wadda ta ɗauke shi.

Sumaiya ɗiyar ɗana ce, Grema, Allah ya ji ƙansa. Uwarta ta riga shi tafiya tun yarinyar tana rarrafe, saboda haka a bayana ta girma. Mu mutanen bakin Komadugu ne, ta wajen Tumur, tattasai muke nomawa. Wadda ba ta taɓa ganin tattasai shanye a ƙasa ba, ja wur har inda ido ya tsaya, ba ta san abin da muka baro ba. Yanzu ɗaki biyu gare mu a gefen gari, da rumfar zana, da randa, da bishiyar dogon yaro da na dasa shekarar da muka zo, don in ga ko akwai abin da zai yarda ya kama ƙasa a nan.

Bara Sumaiya ta samu aiki a kicin ɗin gidan baƙi na wani furoje, irin masu raba taimakon nan. Shugabarta Madam Suzanne ce, Kirista daga Gaya, mace mai faɗin zuciya, sai dai bakinta ba shi da ƙyaure. Ta riƙe yarinyar kamar ita ta haife ta. Ita ta koya mata gato, wato kek, iri-iri da girke-girken da ban san sunansu ba, har Sumaiya ta fara dawowa gida da dariya, abin da na daɗe ban ji a ɗakina ba.

Sai Tahir. Mai gyaran injin ban ruwa ne. Asalinsu 'yan Shetimari ne, amma a Difa ya tashi, a hannun gwaggonsa Ya Kaltum, babbar dillaliyar tattasai, wadda ta goye shi bayan uwarsa ta rasu. Ba zan yi masa ƙarya don ina fushi da shi ba, yaro ne mai kunya. Bayan la'asar yake zuwa, ya wanke baƙin mai daga hannunsa, ya sa jamfarsa mai ruwan toka, ya durƙusa can nesa ya gaishe ni. In ce masa mai gidana ya iso, ina cefane? Ya ce Kaka ai ke kin fi ƙarfin aljihuna, ƙanwarki na zo nema. In ya tafi kuma sai wokal, saƙon muryar nan, ɗaya bayan ɗaya. Sumaiya ta cusa wayar cikin hijabi ta manna a kunne, tana tankaɗe tana murmushi ita kaɗai kamar mai aljanu.

Wata yamma ya zo mata da burodi da soyayyen ƙwai daga wurin mai shayi, naɗe a takarda. Yana warwarewa ta miƙe ta yi bayan ɗaki da gudu. Da ta dawo ta zauna a bakin tabarma, ta gaya masa abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa da bakinta ba, har ni da na gani da idona. Ina bayan zana ina tsinken zogale, na ji duka. Na ji shi yana jan hanci. Can ya ce mata in dai gidansa ne, ko kaza sai ta tafi maƙwabta ta yi ƙwanta ta dawo. Ta yi dariya da hawaye a fuskarta. Abin da ta gaya masa ku ma za ku ji in mun iso wurin. Yanzu dai ku riƙe wannan: ya sani.

Da aka tsayar da ranar da matan gidansu za su kawo kayan gaisuwa, na ce a tarbe su da abin da aka sani, dambu, da soyayyen kifi, da fanke, da lemu mai sanyi. Sumaiya ta ce duk za a yi, amma tana so ta ƙara da abin hannunta, su san ba haka kawai za ta shiga gidansu ba. Sunan abin tiramisu. Na sha wuya kafin harshena ya kama shi. Wai na mutanen Italiya ne, kuma ba a ɗora shi a wuta. Na ce abin da bai ga wuta ba ai ba girki ba ne, jiƙo ne. Ta ce Kaka ke dai zauna ki gani.

Tun jajibiri ta sayi kindirmo mai kyau wurin Bafulatanar da ke kawo mana, ta juye shi cikin farin ƙyalle mai tsabta, ta ƙulle, ta rataye a ginshiƙin rumfa da kwano a ƙarƙashi. Ruwan ya yi ta ɗiga har abin da ya rage ya yi kauri, cokali na tsayawa a cikinsa. Ta ce can ƙasarsu wani irin cuku mai laushi suke sawa, mu ba mu da shi, wannan shi ne namu. Madam Suzanne ta ba ta kirim na kwali. Ta daka sukari a turmina har ya zama gari. Sannan ta cika daro da ƙanƙara, ta dasa kwano a tsakiya, don zafin Difa ba ya barin kirim ya tashi in ba a kan sanyi ba. Ba mu da injin bugawa. Da maburgina ta buga, wanda nake burga miyar kuka da shi, bayan ta wanke shi kamar za ta fiɗe masa fata. Tana murzawa tsakanin tafukanta, gumi na bin goshinta, har kirim ɗin ya kumbura ya yi tozo. Ta haɗa shi da kindirmon a hankali, tana juyawa daga ƙasa zuwa sama, wai kada iskar da ke ciki ta gudu.

Ta dama neskafe mai ƙarfi ta bar shi ya huce. Ta ɗauko dogayen biskit ɗin da ta sayo a bitik, kantin unguwa, tana tsomawa tana cirewa da sauri kamar mai gwada ruwan zafi da yatsa. Na ce ki bar shi ya sha mana. Ta ce in ya sha da yawa kunu zai zama. Ta jera su cikin tasar gilashin da ta aro, ta shimfiɗa farin a kai, ta sake jerawa, ta sake shimfiɗawa, sannan ta sa garin cakulan a rariyar shayi tana bubbugawa, yana sauka a kai kamar ƙasar bakin kogi in ta sha yayyafi. Ta rungumi tasar ta kai firigon maƙwabciyarmu. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke ana cikin haka, yarinyar nan ta kasa zama, tana zuwa tana dawowa tana taɓa jikin firigo kamar mai jinyar jariri, har Allah ya sa ya dawo.

Abin da ya rage a kwano ta lakato mini. Ɗaci a ƙasa, zaƙi a sama, sanyi ya ratsa har wurin haƙoran da ba ni da su. Na ce ba laifi. Ta san in na ce ba laifi, to, ya kai.

Washegari da hantsi suka iso. Ƙamshin humrar Ya Kaltum ya riga ta shigowa. Laffayarta mai ruwan goro ce, awarwaro har gwiwar hannu, mata na bin bayanta da akwati a kai. Sumaiya ta sa atamfarta shuɗiya, lalle ya kama mata baƙi ƙirin, ta yafa mayafi ta zo ta durƙusa ta gaishe su, kanta a ƙasa. Madam Suzanne ma ta zo, ta ce ba za a yi wannan rana ba ita ba.

Aka ci dambu, aka ci kifi. Aka kawo tasar gilashi tana raɓa. Ya Kaltum ta ɗanɗana, ta sake kai cokali, ta miƙa farantinta a ƙara mata. Wallahi na ga fuskarta ta saki. Ta tambaya wa ya yi, a ina aka saya. Madam Suzanne kuwa daɗi ya cika ta, ta kasa riƙe shi.

"Hajiya, ai hannun amaryarku ne, kuma dabararta ce. Asalinsa da ɗanyen ƙwai ake buga shi. Ita kuwa ba ta taɓa ƙwai, ko ƙarninsa ta ji sai amai."

Cokalin Ya Kaltum ya tsaya a hanya.

"Tun yaushe?"

"Ni dai tun da ta zo wurinmu haka na gan ta."

Gaskiya ta faɗa, baiwar Allah. Tun da ta san ta haka take, don ba ta san ta kafin nan ba. Yabo take yi. Ba ta san ta haƙa rami ba.

Ku 'yan birni da ke karatu, wataƙila ba ku gane ba. A wurinmu, mace in ta ɗauki ciki, kafin ta gaya wa kowa, abin da take fara bari ƙwai ne. An ce in ta ci, ɗan zai zo bebe, waɗansu su ce ɓarawo. Ni kaina na bar shi sa'ad da nake da cikin Grema. Surukai ba sa tambayar amarya ko ta samu, kwanonta suke kallo. In ta ture ƙwai gefe sai a yi murmushi a fara tanadin itacen wanka. To, ga budurwa, ba ta cin ƙwai, tana amai, kuma wai tun da ta fara aiki a gidan da baƙi ke kwana.

Ya Kaltum ta ajiye cokalina a kan tabarma. Ba fuskar Sumaiya ta kalla ba, cikinta ta kalla, ta daɗe tana kallo. Ta goge bakinta da gefen laffaya kamar wadda ta ci ƙazanta. Sannan ta tambaya, ba tare da ta dubi kowa ba, gidan baƙin nan maza nawa ke kwana a cikinsa.

Na buɗe baki. Sai na ji hannun Sumaiya a kan ƙafata, ta danne ta da ƙarfi. Tun tana ƙarama ta sa na yi mata alkawari ba zan riƙa ba da labarinta ba, ba ta so a riƙa nuna ta ana cewa ga yarinyar nan. Na haɗiye maganar. Suka miƙe, suka yi sallamar da ba ta kai ciki ba. Sauran tiramisun ya narke a tasar, ƙuda suka gaje shi.

Kafin a yi Juma'a maganar ta zagaye unguwa. A wurin famfo mata su yi shiru in ta iso. A wurin niƙa wata ta dube ta sama da ƙasa ta ce Allah ya raba lafiya. Madam Suzanne ta zo tana kuka tana dukan bakinta, ta ce za ta kai yarinyar likita a auna, a ba da takarda. Da ƙafarta ta tafi wurin Ya Kaltum. Ya Kaltum ta ce mata likitocin furoje ai nasu ne, abin da aka ce su rubuta shi za su rubuta, kuma ita da ta zo daga Gaya me ta sani game da al'adarmu. Wata maƙwabciya ta ce mu bari watanni su wuce, in ba a ga ciki ba kowa zai kama bakinsa. Na ce ke ba ki san mutane ba ne? Cewa za su yi ta zubar.

Tahir kuwa ƙafarsa ta ɗauke. Wokal ɗinsa ya gajarce. Ki yi haƙuri, ina lallaɓa ta. Ki ƙara haƙuri, kin san halinta. Na ji Sumaiya tana mayar masa, muryarta a kwance. Ta ce ba ta ce ya faɗi labarinta ba, amana ce ta ba shi. Cewa kawai zai yi ya san dalili, ya yarda da ita, kuma ya tsaya a kan haka. Ya ce matar nan ita ta goye shi, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Sumaiya ta kife wayar a kan katifa.

To, ga abin da ya sani.

Damina ce, lokacin da zabi ke zuba ƙwai. Sumaiya ba ta wuce shekara goma ba. Da safe ta bi ubanta lambu. Grema ya gano inda wata zabuwa ke yin ƙwai a gindin ƙaya, ya ce mata ta kwashe, in ya gama sakin ruwa zai dafa mata. Ta kwashe cikin gaban rigarta, ta riƙe bakin rigar da hannu biyu, tana tafiya a hankali kada su fashe. A lokacin ne mutanen daji, masu bindigar nan, suka ƙetaro kogi. Grema ya ji su kafin ya gan su. Ya tura ta cikin magudanar ruwa tsakanin kunyoyin tattasai, ya ce kife, kome kika ji kada ki ɗago. Ta faɗa a kan ƙwan. Ta kife. Ta ji kome.

Rana ta take sa'ad da na same ta. Tana kife yadda ya bar ta, kwanduwa ta bushe mata a ƙirji da wuya, ɓawo ya manne a fatarta. Da wannan rigar muka kama hanya zuwa bakin kwalta, don ba mu fito da wata ba. Ruwan da muka samu na sha ne, ba na wanki ba. Rana ta yi ta dukan rigar. Mutanen da ke tafiya tare da mu, su ma nasu ya ishe su, amma suna matsawa daga kusa da ita suna toshe hanci. Yarinya ba ta yi kuka ba. Tana tafiya hannuwanta a buɗe a gefe, kada su taɓa jikinta. Har yau ban taɓa jin ta ce ranar da aka kashe Baba ba. Ranar ƙwai take cewa.

Wannan ne Tahir ya ji a kan tabarmata har ya yi kuka.

Ran nan bayan la'asar muka ji sallamarsa. Sumaiya ta miƙe da sauri tana gyara ɗankwali, ni kaina zuciyata ta ce ko ya yi hankali. Ya shigo da jamfarsa mai ruwan toka. A hannunsa akwai falato na kwali, cike da ƙwai, an ɗaure da zare.

Bai iya kallonmu ba. Ya ajiye a bakin rumfa, ya durƙusa, ya isar da saƙo kamar ɗan aike. Gwaggo ta ce a sake yin abin nan yadda asalinsa yake. Sumaiya ta fasa ƙwan da hannunta, ta buga, ta ci a gabanta da gaban mata biyu. Mai ciki ba za ta yarda ta ci ba. In ta ci magana ta mutu, a sa rana.

"Sau ɗaya ne kawai, Sumaiya. Ki toshe hanci. Daga nan shi ke nan."

Ta ja da baya har bayanta ya taɓa bango. Ba ƙwan take kallo ba, hannunsa take kallo.

"Kai ka ɗauko?"

"Ita ta aiko ni."

"Na ji. Amma hannun wa ne ya riƙo shi tun daga can har nan?"

Ta shiga ɗaki. Na ji ana jan akwati a ƙasa. Ta fito da kayan gaisuwarsu yadda suka zo, ko turmin atamfa ɗaya ba a warware ba, ta tura gabansa. Ta zare zoben azurfar da ya ba ta, ta ɗora a kai.

"Da ka zo hannu wofi ka ce mini ka kasa, Tahir, da na jira ka."

Ya kira ni, Kaka ki sa baki. Na ce bakina yana da abin da zai faɗa, amma ba a gaban yarinyar nan ba, ɗauki akwatinka. Ya ɗauka. Ƙwan ya bari. Na kai shi can bayan bango na rufe da buhu.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Tana tashi, ta yi salla, ta tafi aiki, ta dawo. Abinci sai ta juya cokali ta rufe. Wayar ta yi ta haske a kan katifa, ba ta ɗauka. Ni kuwa ina ji ina gani, alkawari ya ɗaure mini baki.

Shekaranjiya ta dawo daga famfo ba ruwa a bokitin. Ta zauna a gindin dogon yaro. Ashe wata ce ta ce, yadda Sumaiya za ta ji, gara da Grema bai ga wannan rana ba, da baƙin ciki ya kashe shi. Sannan ta tashi ta sayi kindirmo ta rataye a ginshiƙi. Jiya ta yi ɗan ƙaramin tiramisu a kwanon sha, ba don baƙi ba, ta kawo mini da cokali. Ta zauna kusa da ni har na cinye.

"Kaka, na sake ki daga alkawarin. Ki faɗa."

Na tambaye ta ko don Tahir ya dawo ne.

"A'a. Wannan na gama da shi, ko an janye maganar ko ba a janye ba. Amma sun sa sunan Baba a bakinsu. In za ki faɗa, ki faɗi sunansa daidai. Ki ce shi ya tura ni cikin ramin, shi ya tsaya a waje."

Yau ake suna a gidan Ya Kaltum, ɗiyarta ta haihu. Duk matan da suka ɗauki maganar suka yawata da ita suna ciki. Na buɗe adakata na ciro farar shaddar da na ajiye don ranar ɗaurin auren Sumaiya. Na sa. Na ɗauki falaton ƙwan na aza a ka, na ratsa gari da ƙafa, masu adaidaita suna yi mini oda ban juya ba.

Na tarar da tsakar gida cike, tukwane na tafasa, turaren wuta ya turnuƙe, mata sun yi ado suna guɗa. Ya Kaltum tana kan darduma a tsakiya da jaririn a cinyarta. Na yi sallama, na sauke falaton a gabanta, na ce ga aikenki na dawo da shi. Na ce a karɓi jaririn nan, ba shi da laifi. Wata ta karɓa.

Na ɗauki ƙwai ɗaya na fasa shi a ƙirjina. Na ɗauki wani na fasa a wuyana. Kwana da kwanaki yana bayan bango cikin zafi, kun san abin da ya zama. Ya gangaro kan farar shadda. Guɗa ta tsaya. Mata suka fara ja da baya suna kai mayafi hanci.

Na ce yawwa, haka aka yi mata. Haka jikata ta taho daga bakin Komadugu har kwalta, tana da shekara goma. Na faɗa musu duka, zabuwa, da magudanar ruwa, da abin da ubanta ya ce mata. Na faɗi sunansa daidai, Grema ɗan Sharif, mai lambun tattasai, wanda ya tura ɗiyarsa rami ya tsaya a waje. Na ce wannan ne cikin da take ɗauke da shi, kuma ba wata tara ba ne, ba a haife shi.

Can baya wata tsohuwa mai wanke-wanke, ban san ta ba, ta zauna a ƙasa da hannunta duk kumfa. Ta ce ita ma ta bi hanyar nan, kuma ta tuna wata yarinya da ke tafiya hannuwa a buɗe. Ta ce tana cikin waɗanda suka matsa. Ta rufe fuska.

Na juya kan Ya Kaltum. Na ce ba aure na zo roƙo ba, ku riƙe ɗanku, yarinyar ta gama da shi. Da bakinki kika faɗa, a gaban mata, da bakinki za ki janye, a gaban mata. Rigar nan ba za ta ga ruwa ba sai kin yi.

Ta dube ni. Na zaci za ta yi magana. Sai ta tattara laffayarta ta shige ɗaki ta turo ƙyaure. Waɗansu suka kama hannuna a hankali, Inna ki yi haƙuri, Inna ranar suna ce, suka rako ni waje.

Shi ya sa nake kan wannan dakali. Gida ba zan iya komawa ba, don Sumaiya tana can, kuma ba zan shigar mata da wannan ƙarni ɗakinta ba. Rana ta busar da shi a ƙirjina, fata tana ja, ƙuda sun same ni. Tun ɗazu nake tunani, ni tsohuwa wuni ɗaya bai cika ba ina neman in fita daga fatata. Ita yaya ta yi?

Matan ba su watse ba. Abinci ya sauka, ba wadda ta taɓa. Ɗazu Tahir ya iso daga wurin maza, an kai masa labari. Ya tsaya a gabana, ya kalli rigar, ya buɗe baki zai gaishe ni. Na ce kada ka ce mini Kaka. Ya sunkuyar da kai ya shige.

Tun da ya shiga nake jin muryoyi daga ɗakin. Ɗaya ta Ya Kaltum ce, na san ta. Ɗayar ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba, sai da na kasa kunne na gane tasa ce. Ya makara, ɗan banza. Ya makara da falato guda.

Yanzu sun yi shiru. Ina jin awarwaro yana tahowa ta cikin zaure.

Munira, dakata da rubutun. Bari in miƙe, ba zan karɓe ta a zaune ba.